Jirgin da ya tashi zuwa Abuja ya sauka Asaba ba abin dariya ba ne

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana kan wani al'amari da ba kasafai ake tattauna shi da Hausa ba, alhali mu ma muna hawa jirgi, iyayenmu na hawa zuwa Makka, 'ya'yanmu kuma sun fara zama matuƙa. Ni tsohon jami'in kula da zirga-zirgar jiragen sama ne. A kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya na koyi aikin, kuma mafi yawan rayuwata ta aiki na yi ta ne a gaban rediyo, ina magana da mutanen da ban taɓa ganin fuskarsu ba.

Ranar Lahadi 26 ga Nuwamba 2023, wani jirgi da ke yi wa kamfanin United Nigeria aiki ya ɗebi fasinjoji a Legas da tikitin Abuja, ya je ya sauke su a Asaba ta jihar Delta. Kamfanin ya ce rashin kyawun yanayi a Abuja ne ya sa aka karkata. Ministan sufurin jiragen sama, Festus Keyamo, ya fito ya ce sam ba maganar yanayi ba ce. An saurari faifan maganar hasumiya, wato dogon ginin filin jirgi da ake ba matuƙa umarni daga cikinsa, da matuƙin, an ji jami'in hasumiya yana neman ya tabbatar masa inda za shi, matuƙin kuwa ya tsaya a kan Asaba. Jirgin haya ne da aka ɗauko daga waje haɗe da matuƙansa. Har yau in hira ta biyo ta kan jirgi sai wani ya kawo labarin a kwashe da dariya. Ni kam duk lokacin da na ji sai gabana ya faɗi, domin na san ƙofofi nawa kuskuren nan ya bi ya wuce ba a tare shi ba.

Kafin jirgi ya motsa daga inda yake fake, akwai takardar tsarin tafiya da ake shigarwa. A cikinta ake rubuta irin jirgin, inda zai tashi, inda zai sauka, wuraren da zai bi ɗaya bayan ɗaya, tsayin da yake so ya tashi, filin da zai koma idan na farko ya gagara, da awannin da mansa zai kai shi. Kowane filin jirgi yana da lamba ta haruffa huɗu. Kano DNKN, Sakkwato DNSO, Abuja DNAA, Asaba DNAS. Harafi ɗaya ne tsakanin biyun ƙarshe, kuma irin wannan ne ya sa ba a yarda mutum ɗaya ya shigar da hanya cikin kwamfutar jirgi sannan shi kaɗai ya duba kansa ba. Ɗaya ya shigar, ɗaya ya bi ta da ido yana gwadawa da takarda. Jami'in kamfani da ya tsara tafiyar ƙofa ce. Kyaftin ƙofa ce, mataimakinsa ƙofa ce. Tambayar da hasumiya ta yi ita ce ta ƙarshe. Matuƙin da ya zauna da shirinsa, in hasumiya ta maimaita masa tambaya a kan garin da za shi, ba zai amsa a tsaye ba. Zai taka birki, ya kira kamfani, ya tambayi shugaban ma'aikatan cikin jirgi me aka rubuta a tikitin mutanen da ke bayansa. Minti biyu ne. A Asaba Allah ya taƙaita, kunya ce kawai da ɓata lokaci. Amma halin da ya haifar da ita, wato mutum ya riƙe abin da ke kansa ya ƙi jin tambaya, shi ne halin da ya sha kashe ɗaruruwa a wasu wuraren.

Mutane da yawa suna ɗauka sama fili ce fetal, kowa ya miƙe inda ya ga dama. Ba haka ba ne. Hanyar jirgi kamar burtali take tsakanin gonaki: tana da iyaka dama da hagu, kuma wanda ya fita daga ciki gonar wani ya shiga. Bambancin kawai shi ne a sama an jera hanyoyin hawa-hawa. Mai gabas yana bin ƙafa 33,000 ko 35,000 ko 37,000, mai yamma yana bin 34,000 ko 36,000. Tun 2008 tazarar da ke tsakanin jirgi da jirgi a wannan tsayin a samaniyar Afirka ƙafa 1,000 ce, kimanin mita 300. Jirgin alhazai da ya tashi daga Kano zuwa Jidda da wanda ke dawowa suna iya gittawa juna da wannan 'yar tazarar, babu wanda zai ji ko gezau, muddin kowa ya tsaya inda aka ajiye shi. Kowannensu yana cin kusan kilomita 14 a minti ɗaya. In suka fuskanci juna, kilomita 28 ke nan. Matuƙin da ya hango ɗan ɗigo daga nisan kilomita 10, saura masa kimanin daƙiƙa 20. Ido ba ya ceto a nan.

Daren jigilar alhazai ya fi kowane dare nauyi a wajenmu. Jiragen Turai masu gangarawa kudancin Afirka suna ratsa samaniyarmu da tsakar dare daga arewa zuwa kudu, na alhazai kuma suna yanka ta daga yamma zuwa gabas su nufi Chadi. Kafin a ƙaddamar da na'urorin rada, masu nuna inda jirgi yake a sama, na ƙasa baki ɗaya a 2010, yawancin aikin da 'yan siraran takardu muke yin sa. Kowane jirgi da tasa a jere a gabanka. Ka rubuta tsayin da yake da lokacin da ya ce zai kai wuri kaza. In ka canza masa tsayi, ka soke tsohon da biro ka rubuta sabo a gefe. Ba ka ganinsa. Abin da ya faɗa maka shi ne gaskiyarka, da ita za ka ɗaga waya ka miƙa shi ga abokin aikinka na Njamena ko na Yamai, shi ma ya gina nasa lissafin a kanta. Wani dare na ba wani jirgi izinin hawa zuwa ƙafa 23,000 ya tsaya nan, saboda akwai mai dawowa daga Jidda a 24,000. Da ya maimaita mini sai na ji 33,000. Na ce masa a'a, na sake faɗin lambar ɗaya bayan ɗaya, ya maimaita daidai, ya yi godiya. Shi ke nan abin da ya faru, fasinjojin jiragen biyu suna barcinsu. Wannan maimaitawar, ya faɗa ka saurara, ba ladabi ba ne ko al'ada. Ita ce aikin.

A duba abin da ya faru a Indiya ranar 12 ga Nuwamba 1996. Jirgin Saudiyya ƙirar Boeing 747 ya tashi daga Delhi da yamma zai nufi Dahran da mutum 312, akasarinsu ma'aikata 'yan Indiya masu zuwa neman abinci. Wani jirgin Kazakistan ƙirar Ilyushin 76 kuma yana shigowa Delhi da mutum 37, a kan hanya guda, suna fuskantar juna. Jami'in da ke kula da su bai yi kuskure ba. Ya ba na Saudiyya ƙafa 14,000, ya ba na Kazakistan 15,000, har ya gargaɗe shi cewa akwai jirgi a gabansa. Amma a cikin jirgin Kazakistan ba matuƙan ne ke magana da ƙasa ba. Akwai mai rediyo daban da ke zaune a baya, ba shi da nasa ma'aunin tsayi, sai ya leƙa ta kafaɗar matuƙa. Ya shaida wa ƙasa suna 15,000 alhali jirgin ya riga ya zarce yana ci gaba da sauka. Matuƙan kuma Ingilishinsu bai kai su gane gargaɗin da kansu ba. Radar Delhi ta lokacin tana nuna inda jirgi yake amma ba ta nuna tsayinsa, don haka jami'in ya ɗauki maganar da aka faɗa masa, kamar yadda mu ma muke ɗauka. Suka yi karo a kan garin Charkhi Dadri, kusan kilomita 100 yamma da Delhi. Mutum 349, babu wanda ya tsira. Har yau ba a yi karon jirage a sama da ya ci rai kamarsa ba. Injin bai lalace ba, mai bai ƙare ba. An ba mutum mataki bai tsaya a kai ba.

Wani ma ya fi kusa da mu. Ranar 13 ga Satumba 1997 jirgin sojan Jamus ya sha mai a Yamai ya nufi Windhoek ta Namibiya, ya zauna a ƙafa 35,000, tsayin da bai dace da alƙiblar da ya dosa ba a rabon matakan wancan lokacin, kafin canjin 2008. Jirgin sojan Amurka da ya taso daga Windhoek yana kan wannan tsayin. Suka haɗu a kan teku, mutum 33 suka halaka. Saƙon tafiyar jirgin Jamus bai isa hannun waɗanda ya kamata su san da zuwansa ba, wannan gaskiya ne. Amma ƙa'idar mai gabas da mai yamma an yi ta ne musamman domin ranar da waya ta mutu, kuma tana rubuce a taswirar da ke gaban matuƙin.

Shirin matuƙi a ƙasa ake yin sa, tun ran gini tun ran zane. Mu nan arewa muna da jarrabawa biyu kowace shekara. Ta farko hazon hunturu, wanda zai iya rufe Kano ko Maiduguri ko Sakkwato cikin awa guda, har daga hasumiya ka kasa hango ƙarshen titin jirgi. Matuƙin kirki kafin ya bar Legas ya karɓi rahoton yanayi daga hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, ya karanta sanarwar da ake fitar wa matuƙa kan titin da aka rufe ko na'urar sauka da ta lalace, ya san mafi ƙarancin nisan gani da doka ta yarda ya sauka da shi, ya ɗauki man da zai kai shi Kano, ya yi shawagi, ya juya Abuja ko Kaduna, kuma ya rage saura. Ya zauna da mataimakinsa sun yanke tun a ƙasa cewa in sun sauko zuwa tsayi kaza ba su ga fitilun titi ba, za su ƙara wuta su tashi. Irin wannan matuƙin ana gane shi a rediyo. Muryarsa a kwance take, kuma kafin ka tambaye shi ya gaya maka minti nawa zai iya jira. Wanda bai shirya ba ma ana gane shi. Sai ya iso kan gari sannan ya fara tambayar abin da ya kamata ya sani tun yana shan shayi.

Ta biyu hadarin damina, kuma a nan ne muke da tabon da bai warke ba. Ranar Lahadi 29 ga Oktoba 2006 jirgin kamfanin ADC ƙirar Boeing 737 ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato cikin hadari. Hasumiya tana ba da rahoton iska tana ƙaruwa tana juyawa. Matuƙin wani jirgi da ke ƙasa ya ce shi zai jira. Na ADC ya tashi. Bai yi nisa ba iskar da ke tura shi ta gaba ta juye ta koma bayansa, jirgin ya rasa abin da ke riƙe da fikafikansa, ya faɗi a gona kusa da filin jirgin. Mutum 96 suka rasu, 9 suka tsira. Cikin waɗanda muka rasa akwai Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo da ɗansa Sanata Badamasi da mataimakin gwamnan Sakkwato. Allah ya jiƙansu da rahama, har da matuƙan. Ba na kawo wannan don in zargi mamaci ba. Na kawo ne saboda rahoton bincike bai tsaya a kan shawarar tashi kaɗai ba. Ya ce matuƙan ba su bi matakan fita daga irin wannan iska yadda ya kamata ba, ya ce na'urar kwaikwayon tuƙi da aka yi musu horo da ita ba ta dace da koyar da wannan ba, ya kuma ce kamfanin ba shi da rubutacciyar ƙa'idar aiki cikin mummunan yanayi. Ashe ke nan rashin shirin ya fara tun watanni kafin ranar, a ofis da ɗakin horo. Abin da hannun mutum bai saba yi ba a ɗakin horo, ba zai iya shi ba cikin daƙiƙun da iska ta ba shi.

Kada wani ya fahimce ni cewa matuƙi ya bi layi ido rufe ko da layin ya kai shi cikin hadari. Hadarin damina yakan yi toroƙo ya wuce ƙafa 40,000, babu mai hankalin da zai kutsa cikinsa. Abin da ake so shi ne ya buɗe baki. Ya ce ina neman kaucewa mil 20 dama saboda hadari. Da wuya a hana shi, in ma an hana to akwai wani a daman, za a ba shi hagu ko a canza masa tsayi. In ya wuce ya ce na dawo kan hanya. In kuwa lamarin gaggawa ne, hukunci na ƙarshe na kyaftin ne, doka ta ba shi, ya yi abin da zai ceci jirginsa sannan ya sanar nan take domin mu kwashe wasu daga gabansa. Abin da ke kisa shi ne kaucewa a shiru.

Akwai ma wuri guda da doka ta ce matuƙi ya ajiye maganarmu gefe. Manyan jirage suna da na'urar gargaɗin karo da ake kira TCAS, wadda ke magana da takwararta ta ɗaya jirgin, su raba aiki, wannan ya hau wancan ya sauka. Daren 1 ga Yuli 2002, a kan Überlingen ta kudancin Jamus, jirgin Rasha da na dakon kaya na DHL suka doshi juna a ƙafa 36,000. Na'ura ta ce wa na Rasha ya hau, ta ce wa na DHL ya sauka. Jami'in da ke kula da su daga Zurich ta Switzerland, wanda aka bari shi kaɗai yana kula da tebur biyu, ya ce wa na Rasha ya sauka. Ya bi maganar jami'in. Duka biyun suka sauka tare, mutum 71 suka mutu, mafi yawansu yara 'yan makaranta. Tun daga nan aka fayyace cewa in na'urar nan ta ba da umarni, ita za a bi. Sanin lokacin da za ka bi hasumiya da lokacin da za ka bi na'ura shi ma cikin shiri yake, kuma sai an horar da mutum a kai har ya zama jiki.

Wannan labarin na Zurich ya shafe mu ta wata fuskar. Ba adalci ba ne a ce matuƙi ya tsaya kan hanya alhali muryar da ke ba shi hanyar ta gaji ko ba ta isa kunnensa. Jami'in da ya kwana a kan aiki aka ce ya zarce saboda babu mai karɓarsa, kunnensa zai ji 33,000 ya ɗauka 23,000 ya ji. Rediyon da ke yankewa a wani yanki na samaniya, har sai an roƙi wani jirgi ya isar da saƙo ga wani, shi ma ƙofa ce a buɗe. Kuɗin da za a kashe wajen ɗaukar sabbin jami'ai da gyaran rediyo da rada ba ya fitowa a hoto kamar sabon ɗakin jiran fasinja, amma shi ya kamata a fara fitarwa.

Sai mu fasinjoji, domin yanzu ni ma a baya nake zama. Na sha ganin yadda ake taso wa ma'aikatan kamfani a ɗakin jira idan aka ce an ɗage tashi saboda hazo. Wani na ɗaga murya wai yana da ɗaurin aure, wani na buga waya sama wai a matsa wa kamfani. Na taɓa ganin wani babban mutum ya tura yaransa su gaya wa kyaftin cewa ga rana nan tar, me ake jira. Kyaftin ɗin dattijo ne, ya fito da takardar yanayi a hannunsa, ya ce musu cikin natsuwa: "Ku gaya wa Alhaji ranar nan ta nan garin ce. Inda za mu ba a ganin titi. In ya buɗe ni zan fara kiran ku." Ba kowane matuƙi ke da wannan ƙarfin zuciyar ba, musamman yaro sabon ɗauka da ke tsoron rasa aiki, ko wanda kamfaninsa ke lissafa masa kowace litar mai. Duk matsin da muka yi a ɗakin jira yana isa kujerar gaba. Haka nan in jirgi ya iso kan gari ya yi ta zagaye, ko ya sauko kamar zai taɓa ƙasa sai ya sake tashi, ba ɓata ya yi ba kuma ba rashin iyawa ba ne. Ko dai an ce ya jira layinsa, ko kuma ya ga abin da bai gamsu da shi ba ya zaɓi ya sake gwadawa. Wannan matuƙin addu'a ya cancanta, ba tsaki ba.

Ranka ya daɗe, ina da roƙo ga NCAA, hukumar da ke sa ido kan sufurin jiragen sama, da NAMA, hukumar kula da samaniyar ƙasa, da hukumar alhazai, ganin cewa jigilar alhazai ita ce lokacin da aka fi ɗauko jiragen haya da baƙin matuƙa. Bayan abin Asaba minista ya ce duk jirgin haya irin wannan sai an zaunar da matuƙi ɗan Najeriya a ɗakin tuƙi tare da baƙin. Shawara ce mai kyau, a tabbatar ana bin ta a aikace, ba sai ranar da wani abu ya faru ba. Baƙon matuƙin da zai ɗebi alhazanmu daga Kano ko Sakkwato ko Yola, a zaunar da shi tukuna a nuna masa hanyoyinmu, halin hazonmu da hadarinmu, zafin Afrilu da ke rage wa injin ƙarfi wajen tashi, da filayen da zai iya komawa cikin dare. A gwada Ingilishinsa na rediyo da kunne, kada a tsaya ga takardar da ya zo da ita. Kuma duk lokacin da jirgi ya bar hanyarsa ko tsayinsa ba da izini ba, ko da babu wanda ya ƙwarzane, a bincika a fitar da sakamakon a fili, ɗaliban Zariya su karanta a aji, ku ma 'yan jarida ku fassara mana shi da Hausa.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Naka,
Tsohon jami'in kula da zirga-zirgar jiragen sama,
Kano.